Tawul na Biyu

Ranar Litinin masu aski ba sa buɗe shago a Onomichi ta ƙasar Japan, shi ya sa tun farko makaɗan nan Jemagun Gaɓa suka mai da ita ranar gwajin kiɗa. Wannan Litinin ɗin Mitsugu Kuwabara ya hau jirgin fito na ƙarfe tara, sa'a biyu kafin lokacin da suka saba haɗuwa, da bes ɗinsa goye a baya da ƙarya shiryayya a bakinsa. Kwana bakwai ya yi yana gyara ta, yana goge mata kaifi kamar yadda yake goge bakin ƙarfe kafin ya ɗora walda.

Bes ɗin, ƙaton abin kiɗa na katako mai tsirkiya, ya fi shi tsawo, ga faɗin ƙugu. Mai ɗaure igiyar jirgi ya nuna bes ɗin ya tambaye shi yaya uwargida ta kwana, kamar yadda yake tambaya duk mako, Mitsugu ya ce ta kwana lafiya, sai dai nauyi. Daga tsibiri zuwa gari minti biyar ne a kan ruwa. Ya tsaya a gefe yana maimaita abin da zai faɗa.

Su uku ne, kuma su ukun ne tun 1987. Chizuru Tachibana, 'yar mai sayar da kifi, ita ke jita da waƙa, kuma da yake ta girme su da shekara biyu Yaya suke ce mata. Noboru Ebisawa, ɗan mai aski, shi ke ganga, a tsaye yake bugawa kamar yadda ake yi a saikobili, kiɗan Turawa mai gudu da waƙoƙin fatalwa. Shi kuwa Mitsugu walda yake a ma'aikatar ƙera jiragen ruwa. Wani matuƙin jirgi Bature ne ya bar masa kaset a madadin taba, kuma kafin kaset ɗin ya tsinke Mitsugu ya koya wa kansa yadda ake fizgar tsirkiya a sake ta ta mari katako, ta ba da amo biyu a bugu ɗaya. Faifansu na farko, "Gawa Ta Makara Jirgi", waƙa goma sha biyu ne a cikin minti ashirin da uku. A lokacin an ce babu wanda ya kai su gudu daga Hiroshima har Osaka. Sun yi yawo a motar kifin uban Chizuru, suna isa dandamali suna ƙarni, da zanko a kansu mai tsawon tafin hannu, don Noboru ba ya barin kowa ya hau sai ya zaunar da shi ya tayar masa da gashi da mai da feshi. Sau ɗaya har Jamus aka gayyace su.

A 1999 falle na ƙarfe ya suɓuce ya danne wa Mitsugu hannun dama. Wata huɗu bai taɓa tsirkiya ba. Ranar da ya dawo gwaji, tun a waƙar farko ya ji abin da bai taɓa ji ba: gangar Noboru tana zuwa a makare. Ba da yawa ba, kamar ƙiftawar ido. Ya ɗauka rashin gwaji ne. Amma da ya fara lura sai ya ga Noboru yana juyo da kunnen hagu idan ana magana, buta tana ihu a kan wuta bai motsa ba, rediyon shago kuma kullum ƙara ake masa murya. Makaɗin da kunne ya bari ya gama yawo, Mitsugu ya san haka, kuma ya san Noboru ba shi da mata ba shi da ɗa, almakashi ne da ganga. Sai ya ja da baya rabin taku don ya haɗu da shi. Bai gaya wa kowa ba.

Shekara ta zagayo gangar ta ƙara makara, ya ƙara ja. Haka aka yi ta yi shekara ashirin da huɗu, har Jemagun Gaɓa suka zama masu saikobili mafi nawa a duk Japan. Samarin da ke zuwa don su yi ta bangazar juna suka daina zuwa, wasu mutane dabam suka maye gurbinsu, masu tsayawa shiru da kofi a hannu. Mujallu suka rubuta cewa Jemagu sun ƙirƙiro sabon salo da gangan, suka ba shi suna. Idan an tambayi Mitsugu sai ya ce girma ne ya zo.

An ce ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya. Tasa ta haifi faifai huɗu. Sau da yawa a kan jirgin nan ya tambayi kansa ko abin da yake yi alheri ne ko raini, domin wanda ka ɓoye wa gaskiyar kansa ka riga ka yanke masa hukunci cewa ba zai iya ɗaukarta ba. Bai taɓa samun amsar da ta kwana biyu a ransa ba. Abin da dai ya sani, kuma ba ya son ya amsa shi, shi ne sirrin yana masa daɗi. Duk ranar da aiki ya ɓaci, ko matarsa ta yi masa gorin ya tsufa da zanko, yakan tuna cewa akwai mutum ɗaya a duniya da yake ɗauke da shi a kafaɗa ba tare da mutumin ya sani ba.

Sai ga wasiƙa daga Tokyo. Za a yi babban taron masu wannan kiɗa a kaka, kuma matar da ke shirya shi, wadda ta ce ubanta ya rene ta da "Gawa Ta Makara Jirgi", tana roƙon su buga faifan daga farko har ƙarshe, daidai yadda yake a faifai. Litinin da ta wuce Chizuru ta karanta musu. Noboru ya juya makaɗi a yatsunsa ya ce me zai hana, yana kallon Mitsugu. Mitsugu ya ce a ba shi mako guda.

Hanya uku ya gani. Ya gaya wa Noboru cewa kunnensa ya mutu kuma shekara ashirin da huɗu ana lallaɓa shi. Ko ya yi shiru su je Tokyo, mutum dubu biyu su kalli Noboru yana bin waƙa a baya kamar kare da mota. Ko kuma ya ɗora laifin a kan hannunsa. Hannun ya warke sarai, da shi yake ɗaga tukunyar iskar gas a wurin aiki, amma tabon yana nan, zai yi shaida. Ya kuma san Noboru ba zai hau dandamali da wani mai bes ba. Shi Mitsugu zai zama gurgun da ya hana Jemagu zuwa Tokyo. Ya auna, ya ga zai iya ɗauka. Har ma ya ji wani ɗan daɗi a cikin ɗaukar.

Shagon yana kan hanyar da ta hau tudu, ƙasan matakalar wani wurin bauta. Labule a sauke, amma ƙofa a buɗe. Gangunan suna kusurwa a rufe da tsohon zane, kusa da kujerar aski ta biyu wadda ba a ƙara amfani da ita tun rasuwar mahaifin Noboru. Noboru yana wanke reza. Kansa ƙwal yake yanzu, mutumin da ya tayar wa rabin samarin garin nan zanko, kuma yakan ce gashinsa ya gaji da ganin na wasu ne ya yi hijira.

"Mai Walda, lafiya da sassafe? Ko uwargidan gida ta kore ku kai da ta bayan?"

Mitsugu ya jingina bes ya ce magana ce ta kawo shi. Noboru ya dubi kansa ya ce magana ta jira, ba zai saurari mutumin da hankaka zai iya yin ƙwai a kansa ba. Ya zaunar da shi, ya yafa masa farin zane, ya buɗe tukunyar tururi ya ciro tawul biyu. Ɗaya ya shimfiɗa masa a fuska. Ɗayan ya tura masa a hannu ya ce, "Riƙe mini wannan." Haka yake yi kullum, kafin kowane wasa, kuma ba ya taɓa karɓar na biyun sai ya huce. Mitsugu ya daɗe da sa wannan a cikin jerin mantuwar abokinsa.

Da aka ɗauke na fuska, Noboru ya fara taje gashi. Mitsugu ya jira sai da idanunsu suka haɗu a madubi. Shekaru ke nan ba ya yi masa magana mai muhimmanci sai ta inda zai ga leɓensa.

"Wanzam, ba zan iya Tokyo ba. Hannun nan ne. Tun hatsarin bai dawo daidai ba, ɓoyewa nake. Gudun faifan farko ya fi ƙarfina."

Ya faɗe ta tsaf, babu inda ta yi tuntuɓe. Ya shirya wa musu, ya shirya wa tausayi, har ya tanadi yadda zai sunkuyar da kai. Matajin bai tsaya ba.

"Na sani," in ji Noboru. "Ɗaga haɓa."

Mitsugu ya tambaye shi me ya sani.

"Hannunka mana. Shekara ashirin da huɗu ina jiran ka faɗa da bakinka. Da na ce me zai hana, ai kai nake ba hanya. Da yau ba ka faɗa ba, na riga na shirya abin da zan ce don kada mu je." Ya lakato mai ya murza a tafinsa. "Ba komai, mutumina. Mun saba. Ina rage maka, kana biyowa, wa ya taɓa ganewa?"

 Abin da Mitsugu ya rantse ba zai faɗa ba ko a bakin kabari, abin da ya hau jirgi da ƙarya don ya kare, shi ne ya fito, kuma ya fito da muni. Ya ce hannunsa lafiya lau, ƙarya ya yi. Ya ce kai ne kurma, Noboru, kai ne kake makara tun 1999, ni nake ja da baya ina rufa maka asiri. Ya lissafa masa buta, da rediyo, da ranar da aka yi ta kiransa a tashar jirgin ƙasa ta Okayama bai waiwayo ba.

Da Mitsugu ya gama, Noboru ya goge hannu a hankali, yatsa bayan yatsa. Ya jawo aljihun tebur, ya tura reza da burushi gefe, ya ciro wani ɗan akwati ya buɗe. A ciki akwai na'urar ƙara ji, ƙarama kamar ƙwayar wake. Ya ce shekara goma sha ɗaya ke nan da ya saye ta. Yana sa ta don masu zuwa aski, kada mutum ya ce a rage kaɗan a yi masa ƙwal. Ran Litinin yake cirewa kafin su iso. Kunnen dama kuwa tun kafin hatsarin ya tafi.

"To ka gani," in ji Mitsugu, amma muryarsa ta riga ta sauka.

"Na ga me? Wa ya gaya maka da kunne nake kiɗa? A ramukan gidajen rawan da muka fara wasa, wa ke jin wani? Ko kunne huɗu gare ka. Gwiwar hannunka nake kallo, Mai Walda, tun ranar farko. Ta ɗaga in ɗaga, ta sauka in sauka. Me ya sa kake tsammani kullum nake tsayawa damanka? Ranar da ka dawo daga asibiti ta sauka a makare. Sai na jira ta."

Mitsugu ya ce shi kuma ya ji ganga ta makara, ya jira ta. Noboru ya ce shi kuma ya ga gwiwar ta ƙara nawa, ya ce hannun ya ƙara lalacewa, ya je bayan shago ya yi kuka, ya dawo ya ƙara ragewa. Suka dubi juna a madubi, tsoho mai sanƙo da tsoho mai rabin zanko, gefe ɗaya a tsaye gefe ɗaya a kwance.

Mitsugu bai yarda ba. Ya tashi da zanen aski a wuyansa, ya ajiye tawul, ya zare bes daga rigarsa. Ya ce kada Noboru ya taɓa ganga, shi kaɗai zai buga, a ga wanda ke ɗauke da wani. Noboru ya matso ya ɗora tafinsa a kan katakon bes ɗin.

Ya shiga "Gawa Ta Makara Jirgi", waƙar da faifan ya ci sunanta, da gudunta na asali. Baitin farko ya tafi kamar 1989, kwalaben man gashi suna rawa a kan kanta, har ya ji dariya tana taso masa. A tsakiyar baiti na biyu yatsan tsakiya ya ƙi buɗewa. Ya tilasta shi, na kusa da shi ma ya lanƙwashe, zafi ya harba har kafaɗa, tsirkiya ta kuɓuce ta yi wani amo maras daɗi. Ya sake gwadawa daga farkon baitin. Wannan karon bai kai ko inda ya kai ɗazu ba.

Ya tsaya yana kallon hannun kamar na wani. Shekara ashirin da huɗu bai taɓa tambayarsa wannan gudun ba, don haka bai taɓa jin amsar ba. Ƙaryar da ya yi kwana bakwai yana gogewa, ashe ita ce gaskiyar da ya fi daɗewa bai faɗa ba.

Noboru ya buɗe tukunya ya ciro sabon tawul. Wannan karon bai ce a riƙe masa ba. Ya kama hannun ya naɗe shi da kansa, ya danna a kan tabon da babban yatsa. Ya ce wani likitan ƙashi mai zuwa aski ne ya gaya masa zafi na sassauta jijiya, minti goma kafin a fara.

A haka Chizuru ta same su, da jita a kafaɗa da ƙunshin dunƙulen shinkafa a hannu. Ta dubi akwatin da ke buɗe a kan tebur, ta dubi hannun da ke cikin tawul, ta ajiye kayanta.

"Au, yau aka yi ta? Na ɗauka sai ɗayanku ya mutu."

Ta ce tun shekara ta uku ta gane. Tana tsakiyarsu, tana ganin wannan yana satar kallon wancan, kowa da fuskar waliyyi. Noboru ya tambaye ta, to Yaya me ya hana ki magana. Ta zauna a kujerar marigayi, ta ɗan daɗe tana kwance ƙullin ƙunshin.

Ta ce shekara goma sha biyu tana rera waƙar nan da gudu, babu wanda ya taɓa jin kalma ɗaya a ciki, har su biyun. Kowa ya ɗauka wasan fatalwa ne. Waƙar yayanta ce, wanda ya fita kamun kifi tana 'yar shekara tara bai dawo ba, uwarsu ta yi ta zuwa bakin jirgin ƙarshe har ƙafafunta suka gaza. Ranar farko da suka buga ta a hankali, a Okayama, wata mata a gaba ta rufe fuska da hannu biyu.

"Sai na ce a raina, bar su su yi ta tausayin juna. Don kaina na yi shiru, ba don ku ba. Ku ci shinkafa."

Mitsugu ya karɓa da hagu. Yana tauna yana juya abin a ransa. Su biyu sun yi alheri, kuma kowannensu makaho ne. Ita ta yi son kai, kuma ita kaɗai ta ga abin da ke faruwa. Ya nemi daɗin nan da ya saba ji, na mai ɗauke da wani a kafaɗa, bai same shi a inda yake ajiye shi ba. Abin da ya tarar a wurin ya fi shi nauyi kuma ya fi shi ɗumi, bai san sunansa ba tukuna.

Chizuru ce ta rubuta amsar Tokyo a kan kantar aski, a tsaye. Ta gode, ta ce faifan minti ashirin da uku ne, amma a hannun waɗanda suka yi shi yanzu yana cin arba'in da ɗaya. Idan akwai wuri za su zo, idan babu sun gode da tunawa. Ta miƙa musu kowa ya sa hannu, Mitsugu ya sa nasa a karkace.

Noboru ya yaye zanen ganguna. Ya ɗauki ɗan akwatin ya juya shi a hannu, sannan ya mayar aljihun tebur, ya ce ƙarar farantin ƙarfe na ganga tana sa ta kuka a kunne, kuma ba ya bukatarta a nan. Ya tsaya a daman Mitsugu, inda yake tsayawa kullum.

"Sharaɗi ɗaya," in ji shi. "Kada ka saurare ni. Buga abin da hannunka ya ba ka, ni aikina kallo. Ka ƙara jirana, sai na aske ɗaya gefen."

Mitsugu ya riƙe tawul ɗin har ya huce, ya ninke shi ya ɗora a hannun kujera. Ya rungumo bes. Yana jin idon abokinsa a kan gwiwar hannunsa kamar yadda ake jin rana a fata, ya yi mamakin yadda bai taɓa ji ba. Ya ɗaga ta, ya sauke.

Ba su kai gudun faifai ba, ko kusa. Amma sun fi na Litinin da ta wuce, da ɗan abin da sai wanda ya san su zai gane, har Chizuru ta haɗiye kalma ɗaya a baiti na biyu ta harare su. Da suka kai ƙarshe Noboru ya kama faranti da yatsu biyu ya tsayar da ƙararsa, ya share sanƙonsa da hannun riga.

"Tsoho," ya ce, "ina za ka da sauri haka?"